Ranar da Na Mayar da Telen Surukina Koriya

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Asabar, ina falon surukina Alhaji Garba a unguwar Zongo a Togo, tare da matarsa Hajiya da maƙwabta uku. Na zo da kwamfuta da ƙaramin akwatin da ke kai hotonta cikin tele, wato talabijin, wanda na sayo a Legas. Telen Alhaji sabuwa ce daga kasuwar Adawlato, ita kaɗai ce mai kala a layinmu.

Na rubuta matakai uku a takarda, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya fito fari da baƙi. Ban san tsarin telen Najeriya daban yake da na Togo ba, sai na ce laifin tele ne.

"Ɗana, bar ta haka," in ji Alhaji.

"Baba, saura mataki na huɗu."

Na buɗe bayanta da sukudireba, na murɗa duk abin da ke murɗuwa. Da aka mayar da eriya, mai karanta labarai ya fito kore shar. Haka ya zauna har telen ta mutu.

Har yau Hajiya "Mesiye Mataki na Huɗu" take kirana, wato Malam Mataki na Huɗu. Don Allah, in kun gan ni a Zongo, ku kira ni da sunana.