Ranar da Hajiya ta wanke mini fumfuna

Ku da kuke dariya, ku tsaya ku ji yadda aka yi, don ni har yanzu ban huce ba, kuma sai an biya ni haƙƙina.

Ambaliyar ƙarshen damina ta shigo gidana har gwiwa. Da ruwa ya janye, sai bangon falo ya yi fumfuna, baƙa da koriya. Ta hau kujeru, ta hau labule, har takalmin da na yi ritaya da shi sai da ya tsiro gemu. Na kira kamfanin inshora, suka ce kada a taɓa komai sai jami'insu ya zo ya gani da idonsa. To, ni da na ƙare ƙuruciyata a gadin jarrabawa, gadin fumfuna ne zai gagare ni? Na kafa doka: ko ƙuda kada ya sauka a bangon nan. Muna tari, muna atishawa, ni kuwa kullum da safe sai na leƙa, in na ga ta ƙara yaɗo in ce madalla.

Ranar da jami'in zai zo, na tafi bakin titi tarbarsa don kada ya ɓata. Ya shanya ni tun hantsi har azahar. Da ya iso, muka taho gida tare. Muna yin sallama, ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Bango fes, an kankare, an shafa farar ƙasa, an sauya labule. Ashe ina fita maiɗakina, Hajiya Yalwa, ta tara ƙannenta suka yi wa falon gayya.

Na ce, “Hajiya! Ina fumfunata?”

Daga bayan labule ta ce, “Haba Malam, baƙo guda daga birni, ya shigo ya tarar da falona haka? So kake a yi da ni a gari?”

Jami'in, wani yaro da ya ɗaure wuya da laktayi, ya shaƙi ƙamshi, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, “Baba, ai falon nan ya fi ofishinmu kyau. Ka yi haƙuri, a ƙa'idarmu ba ma biyan abin da ba mu gani ba.”

Na gyara zaman tabarau, na ce, “Ikon Allah! Ashe haka ƙa'idar take, yaro? Ni kuwa shekara da shekaru ina biyan ku, ko inuwarku ban taɓa gani ba sai yau.”