Rasuwar Mai Ramuka, Makinar Wafil ta Gidan Malam Salihu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da kuma ɗan guntun haƙurin da ƙanena Lurwanu ya rage mini, ni Aishatu, matar marigayi Malam Salihu, mazauniyar saman dutsen Nakkasa a nan Makka, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa lasar yatsa a falona, rasuwar makinar wafil ɗinmu, wadda mai gidan ya raɗa wa suna Mai Ramuka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu ranar Talata da hantsi, cikin Muharram ɗin nan na 1437, tana cikin ƙoshin lafiya, a hannun wanda ya ce taimako ya zo yi.

Na sa wannan sanarwa a wasaf na dangi don kada wani ya ce bai ji ba. Wanda yake kusa da 'yata Arwa ya karanta mata a hankali, domin ita rubutun Hausa kallonsa take yi kamar takardar likita.

Marigayiyar ta shigo gidan nan Arwa tana goye. Malam Salihu ne ya sayo ta a haraj ɗin Jidda, kasuwar tsofaffin kaya, yana zaton abin gasa burodi ce. Mun matse burodi a cikinta, ya fito kamar mota ta taka shi. Sai da wata maƙwabciyarmu 'yar tsibirin Jawa, wadda ta taɓa aikin kicin a otal, ta gama dariyarta, sannan ta nuna mini abin da aka yi ta dominsa. Ga mutanen gida da ba su san wafil ba: ɗan'uwan fanke ne, amma mai faɗi, mai ramuka reras a jikinsa, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa laushi kamar auduga. A cikin ramukan nan zuma take kwanciya.

Ina shaida wa marigayiyar cewa ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Idan ƙullunki ya yi, ta nuna. Idan kin yi ha'inci, ta tona miki asiri a gaban baƙi. Ita ta koya mini cewa fulawa kaɗai ba ta ba da ƙaras, sai an sa mata ɗan garin sitaci. Ita ta koya mini zuba laban, wato nono mai tsami, a madadin madara, da narkakken man shanu wanda ya huce, da raba ƙwai gida biyu, gwaiduwa ta bi ƙullu, farin kuma a kaɗa shi da maburgi har ya tashi ya tsaya, ko an kifar da kwanon ba zai zubo ba. Shi ake sawa a ƙarshe, a naɗe shi cikin ƙullu da lallashi, ba a buga shi kamar miyar kuka. Kuma farin ƙwai ba ya jiran kowa: an kaɗa shi an bar shi, sai ya kwanta ya koma ruwa. Shi ya sa a duk zamanmu da ita ban taɓa fasa ƙwai ba sai na ji takun masu ci a matakala.

Ba mai yawan magana ba ce. Idan ludayi ya sauka a kanta takan ce cuuu, ta fitar da tururi ta gefen bakinta. Mai gaggawa ya buɗe ta a lokacin, ya ga wafil ya rabe biyu, rabi sama rabi ƙasa, ya kwana yana kankara. Mai haƙuri ya jira tururin ya ɗauke, ya ji ta ce ƙas, jar fitilarta ta mutu. Wannan ƙas ɗin shi ne kalmarta guda, kuma ba ta taɓa faɗinta kafin lokaci ba. Da wasu mazajen danginmu sun ɗauki wannan hali, da yau ba na rubuta sanarwa.

Amma babban alherinta, wanda saboda shi nake kuka da hawaye na gaske, shi ne ita take kawo mini 'yata. Tun da Arwa ta auri Uzair suka tare a Aziziyya, a bene mai lif, hawan dutsen nan ya zame musu aiki. Motar Uzair ba ta shiga lungunmu, shi kuma takalminsa ba ya son matakalarmu. Sallah ma sai sun ga dama. Jikokina biyu, Jibril da Minnatullah, su ne suka kafa doka cewa safiyar Juma'a ta wafil ɗin Sitti ce, Sitti kuwa ni ke nan a bakinsu. Sun ci na kanti sun ce kwali ne. Saboda haka duk Juma'a, yana so ba ya so, Uzair yakan ajiye su a gindin dutse, uwarsu ta hauro da su tana haki, ta zauna a tabarmata har a kira salla.

Yaran nan Larabci suka tashi da shi, ko sannu aka ce musu sai su dubi uwarsu. To a kan jikin marigayiyar suka koyi ƙirga da Hausa. Na ce ba mai samun zuma sai ya ƙirga ramin da za a zuba masa. Ɗaya, biyu, uku, ina ɗiga zuma suna faɗi. Ramukanta goma sha shida ne, don haka har yau Hausar jikokin Malam Salihu a sha shida ta tsaya. Ba ta da yawa, na sani. Amma ita ce kaɗai nake ji a bakinsu, kuma duk mako nake jiran ta.

Yanzu ga bayanin ajali, don masu tambaya ko ta yi jinya. Ba ta yi ba. Duk wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Makka ya san wuta iri biyu ce a bango: akwai ɗari da goma, akwai ɗari biyu da ashirin ta mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Yaron goye ma ya san wannan. Marigayiyar 'yar ɗari da goma ce, da ita aka yi ta, da ita ta tsufa. Soket ɗinta daban yake a kicin, har jan farce na shafa masa don a gane shi.

Sai ga Lurwanu, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, wanda ya zo Umarar azumi ta mako biyu. Mun sha ruwa da shi, mun yi Sallah, mun yi layya, mun ci cika-ciki, yana nan. An ce baƙo raɓa ne, tawa raɓar ta ƙi bushewa. A Kano, in ji shi, babu gidan da bai ja wa waya ba daga Kurna har Sheka. Tun da ya sauka yake yi wa soket ɗin kicin kallon tausayi. Ya sa cajar tocilansa ya ga tana jan ƙafa, sai ya yanke hukunci cewa wutar unguwarmu ba ta kawo da ƙarfi, irin wadda aka saba da ita a gida idan taransifoma ta gaji. Na gaya masa ba rauni ba ne, haka aka yi ta. Ya yi murmushin da maza suke yi idan mace ta yi maganar lantarki.

Ranar Talata na sauka kasuwar Mansur sayen laban da ƙwai na Juma'a. Bawan Allah ya ɗauko marigayiyar daga inda take hutawa, ya kai ta falo, wai zai gwada ta a cikakkiyar wuta, ya ga ko za ta rage mini jira. Filoginta ya ƙi shiga soket ɗin mukayyif. Wannan ƙin da ta yi, ga mai hankali, wasiyya ce. Shi kuwa ya sa wuƙar yankan albasata ya datse filogin, ya fere wayoyin, ya tura su cikin soket ya tokare da tsinken ashana, yadda gwanaye suke yi. Maƙwabta sun ce sun ji ta yi wani gurnani da ba su taɓa ji ba, sannan ta ce tau. Ba ta samu ta ce ƙas ba.

Na dawo na tarar da falo yana warin ƙonannen gashi, Lurwanu yana yi mata fifita da murfin tukunya. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, kuma ina so dangi su riƙe shi, shi ne: “Yaya, ai dama ta tsufa. Amma kin ga saurin da ta yi kafin ta tsaya?”

Na kai ta wurin mai gyara a Mansur, na rungume ta cikin zani kamar jaririya. Ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce irin wayarta an daina yi tun kafin a haife shi, ya ce in yi haƙuri. Shi kaɗai ne namijin da ya yi maganar hankali a wannan mako.

Marigayiyar ta bar ludayi ɗaya, da maburgi, da ragar da ake shanya wafil a kai don kada ya yi gumi ya saki. Ta bar kwalbar zuma da aka sha rabi. Ta bar yankakken filoginta, wanda na ajiye a kan talabijin, daura da inda Lurwanu yake zama, don ya riƙa gaisawa da shi safe da yamma. Ta bar jikoki biyu da har yanzu ba a gaya musu ba. Ta bar ni.

Ana karɓar gaisuwa daga kowa, ban da mutum biyu. Na farko kun san shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yanzu nake zuba masa abinci, amma kada ya ƙara ce mini ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara tun kafin ya yi haƙori. Ƙaddara dai ba ta fere waya.

Na biyu shi ne surukina Uzair, wanda faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Da labari ya kai Aziziyya, ya kira ni da muryar ta'aziyya, ya ce: “Wala yihimmik ya khala, kada ki damu. Sai mu sayi sabuwa mai kyau a ajiye a gidanmu. Ke kin huta, yara ma sun huta da hawan dutse.”

Ban ce masa na gaji ba. Ban taɓa ce wa kowa na gaji ba. Arwa tana kusa da shi, ina jin motsin awarwaronta, na jira ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Wutar Lurwanu ta ƙone ƙarfe, wannan shirun kuwa ni ya ƙona, kuma gara in faɗa a nan kowa ya ji da in riƙe shi ya zame mini ciwo. Su sayi sabuwar, mai hasken shuɗi da ƙararrawa. Za su zuba mata garin kwali na kanti, ta ba su abin da suka zuba. Arwa ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake naɗe farin ƙwai ba, kullum tana kan waya, ni kuma ban matsa mata ba, don a zatona Juma'a ba ta ƙarewa.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, ban haukace ba tukuna. An goge ta da man zaitun, an naɗe ta a cikin tsohon haramin Malam Salihu, tana kwance a falo. Mun san a garin nan ba a kwana da gawa, amma wannan za ta jira safiyar Juma'a, lokacin da ta saba aiki. Lurwanu ne zai ɗauke ta a ka, ya sauka da ita matakalar Nakkasa tun daga sama har ƙasa, ya miƙa wa mai sayen tsohon ƙarfe. Idan ya ga hanyar filin jirgi a buɗe daga nan, kada ya waiwayo saboda ni. Uzair, idan ya zo, yana iya jira a mota kamar kullum.

Gawa ba za ta fita daga gidan nan ba sai Jibril da Minnatullah sun hau dutsen da ƙafarsu sun ƙirga ramukanta na ƙarshe. Idan ba su zo wannan Juma'ar ba, an ɗage zuwa ta gaba. Idan ba su zo ta gaba ba, an sake ɗagewa. Ƙarfe ba ya wari.

Za a yi sadaka bayan an fita da ita. Na sauko da tandar wainar da na zo da ita daga Kano, na wanke ta, a cikinta za a zuba ƙullun wafil. Abin da za ta fitar ba zai yi ƙaras kamar na marigayiya ba, ban yi wa kowa alkawari ba. Amma ita ma tana da gurabe, kuma akwai sha bakwai da sha takwas da ban koya wa yaran ba tukuna. Arwa, mai karanta miki ya maimaita wannan wurin sau biyu: ki zo da wuri, ki bar wayar a jaka, maburgi yana jiran hannunki.

Ƙullu zai kwana a shirye. Ƙwai suna cikin kwano, ba zan fasa su ba sai na ji taku a matakala.