Rasuwar Ƙirgau, Mai Lissafin Tanderun Dandin Mahe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da zan bayyana a ƙasa, ni Hamisu Mode, malamin zanen gini a Bodinga, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ake kira Ƙirgau a gidanmu. Ta cika ranar Laraba bayan azahar, cikin watan Afrilu na 1983, bayan shekara uku a hannuna.

A cikin akwatin tufafi na zo da ita da na gama karatu a waje. Ba ta da tsirfar ci, batirin mota biyu sun ishe ta. Mai gaskiya ce har ta wuce misali. Idan ka ba ta lambar da ba daidai ba, sai ta ce "tiit" ta tsaya cik, ba ta rufa wa kowa asiri, har ni mai ita.

Ta rasu tana bakin aikin Malam Attahiru, maginin Dandin Mahe. Tun da siminti ya zama sai wane da wane, ya gina ƙaton tanderu na gasa jan bulo. Sau biyu ana hura wuta, sau biyu bangon yana tsagewa. Magidanta goma sha ɗaya ne ke ci daga tanderun nan, kuma sun faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa idan ya sake tsagewa za su tattara su tafi kudu neman abinci. Ni kuwa, da bakina, na yi masa alkawarin nuna masa inda zafi ke taruwa kafin ya hura ta uku.

Ƙirgau ba ta iya haɗiye tanderu ɗungurungum. Sai na yayyanka zanensa zuwa ƙananan alwatika, kamar ragar kamun kifi, kowane ƙulli da lambarsa, don ta bi zafi daga wannan gida zuwa maƙwabcinsa. Inda bango ya miƙe na yi manya. A wuyan bututun hayaƙi, inda ginin ya lanƙwashe kuma nake zargi, na yi ƙanana har sai da idona ya fara ruwa. Da ragar ta fi ƙarfin cikinta, na raba ta kashi huɗu, kuma dole ƙullin kowane kashi ya haɗu da na ɗan'uwansa a baki, in ba haka ba zafin ya ɓace a tsakani. Wata biyar na yi ina ɗinkin nan: alwatika dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in.

Kwana uku ta yi tana lissafi, fankarta na "fuuu", injinta mai buga takarda na amsawa da "kirr-kirr". Ranar Laraba Malam Attahiru da dattawansa za su zo ganin amsa. Na fita karɓo ɗaya batirin daga caji. Maiɗakina Safinatu ta share ɗaki, ta lulluɓe rediyo da ƙyallensa kamar yadda ake yi idan manya za su shigo, sannan ta ɗauko wani sabo mai furanni wanda ta yi mako biyu tana yi wa ado a ɓoye, ta shimfiɗa wa Ƙirgau. Ya rufe ramukan da take shan iska. Ta ce ta ji kukan ya koma "hiii", ta ɗauka aikin ne ya zo ƙarshe. Warin ƙonanniyar roba ne ya tarbe ni a zaure.

Kada kowa ya ga laifin Safinatu. Shekara uku ina hira da ƙarfe, matata kuwa abin da na taɓa gaya mata game da shi bai wuce kada a taɓa ba. Ba ta taɓa ɗin ba kuwa, daga sama ta saki ƙyallen a hankali. Tun ranar ba ta ci abincin kirki ba, kuma wannan ya fi rashin Ƙirgau yi mini ciwo.

Marigayiyar ta bar kaset shida na ajiyar lissafi, batura biyu, mai buga takarda da ya zama maraya, da amsar kashi uku. Na huɗun, wuyan bututun, shi ne ba ta kai ba. Mai gyaran rediyo na kasuwar Shagari ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar da murfin. Kayan gyaranta ba sa shigowa ƙasar nan yanzu.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar a gidana. Za a naɗe ta da ƙyallen mai furanni, don ban ga wanda ya fi shi kyau ba, a mayar da ita cikin akwatin da na zo da ita, a ɗora bisa kabad. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Ban haƙuri na cikin gida kuma, wannan ni zan kai da kaina.

Masu hali su wuce Dandin Mahe ranar Asabar da hantsi. An riga an tara itace, damina ta ƙarato, Malam Attahiru zai hura wuta ya riƙa dafa bango da tafin hannu kamar yadda mahaifinsa ya koya masa. Na gaya masa gaskiya, ban san inda zai tsage ba. Wanda ya neme ni zai same ni tsaye a gindin bututun.