Yadda Za Ka Yi Kiwon Ragon Sunan Jaririn Da Ba Ya Tafe

Maigida, matso kusa. In gemunka ya fara fari, gwiwarka tana ƙara duk lokacin da ka tashi daga tabarma, amma kana so gari ya san da sauran ƙarfinka, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan a jere, za a daɗe ana kiranka angon ƙarni ba tare da kukan jariri ya dame ka ba. Hanyar gwadaddiya ce. Arzika na Garhanga ya bi ta, manomin hatsi da albasa, mutum mai son a yaba masa, kuma da shi za mu yi misali har ƙarshe. Inda ya yi daidai ka kwaikwaya, inda ya kauce zan nuna maka.

1. Ka ji labarin jikin matarka daga bakin wani

Matarka ita ce ta ƙarshe da za ka tambaya. Matar Arzika, Zalika, ta doshi hamsin, ta aurar da 'ya'ya, kowa a gidan, Iya yake ce mata, har shi, domin uwar 'ya'yansa ce, bakinsa ya daɗe da yin nauyi ga sunanta. Labarin ya zo masa ne daga yayarsa Husaina, wadda ba abin da ke wucewa a unguwa ba ta ƙirga shi ba. Ta same shi yana gyaran hauya bayan ƙaramar salla.

"Kai dai ba ka lura da komi cikin gidanka sai akushi," in ji ta. "Azumin bana Iya ta sha ko ɗaya? Tun kaka ba ta yi hwashin salla ba. Mi ka hana mace hwashin salla?"

Arzika ya yi tunani. "Tsoron Allah?"

"Ciki, sakarai! Ciki na!"

A nan Arzika ya yi abin da ya dace. Bai shiga gida ya tambaya ba, ya ajiye hauya ya tafi neman hularsa ta zuwa kasuwa.

2. Ka sayi rago kafin ka yi tambaya

Tambaya tana iya ɓata maka shiri, rago kuwa ba ya gardama. Ka zaɓi fari mai baƙin kai, kada kuma ka bi da shi ta bayan gari. Arzika ya jawo nasa daga kasuwar Keita, ya bi da shi ta gaban majalisar da ke gindin bishiyar bedi daidai lokacin da dattawa suka cika, ya tsaya gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

"Arzika, layya da sauran tahiya," aka ce masa.

"Wanga ba na layya na ba," ya ce, yana kallon sama. "Na suna na."

Aka yi shewa, aka ba shi hannu, wani tsoho ya ce a faɗa masa sunan maganin. Daga ranar yaran unguwa suka sa wa ragon Auta. Ka lura, masu hikima sun san cewa maganar da rago ya shaida ba ta komawa baya.

3. Kowace alama ka jingina ta ga ciki

Wannan matakin yana buƙatar basira. Zafi zai taso wa matarka daga ƙirji ya hau wuya da fuska, ta jiƙe sharkaf da gumi ko da sanyin safiya, ta ture kallabi tana fifita da faifai. Ka ce ɗa namiji ne, zafin zuriyarku ya gado. Barci zai guje mata, ta wayi gari da ido ja. Ka ce yaron ba rago ba ne. Za ta sa gishiri sau biyu a miya, ta nemi ludayin da ke hannunta, ta yi wa kaza faɗa har da hawaye, gaɓoɓinta su yi ciwo. Duk ciki ne. Ran da Zalika ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta tana bugawa, Arzika ya ce yaron ne ke motsi, kuma bai ga abin mamaki ba don ɗansa ya hau sama haka.

Akwai wata alamar da ba a faɗa a zaure. Za ta riƙa ja da baya daga shimfiɗa, domin jiki ya bushe, abin ya koma mata ciwo. Kada ka tambayi dalili, ka ce kunyar masu ciki ce.

Za ta yi ƙoƙarin gaya maka. Zalika ta yi, sau ɗaya, tana tankaɗe. "Maigida, ni kam na haihu, na san ciki. Wanga abu ba awa ciki nike jin shi ba."

"Wanga daban na, Iya. Auta na."

Ta buɗe baki, ta dubi ragon, ta ci gaba da tankaɗe.

4. Ka yi hidima, amma ka tuna wa kake yi wa

Mai ciki a wannan shekarun sai an lallaɓa. Rijiyar su Arzika tana can ƙasan kwari, hanya duk dutse, kuma shekaru talatin da ɗoriya Zalika ce ke sauka da hawa. Yanzu sai ga Arzika da amalanken jaki kowace safiya, yana cika randa har baki. Ya hana ta daka, ya riƙa kai hatsi inji. Ya sayo mata mafici da atamfa marar nauyi. Nono daga wurin Fulani, zogale daga lambu, tsire ranar kasuwa. Kullum kafin ya fita sai ya tsaya bakin ɗaki ya ce, "Yaya jiki?" Da la'asar kuma su taka tare zuwa lambun albasa, domin an ce tafiya tana sauƙaƙa haihuwa.

A nan haɗari yake. A hanyar lambun ne Arzika ya gano matarsa ta iya kwaikwayon tafiyar kowane dattijo na majalisa, har da tasa, kuma ta fi shi sanin lokacin da albasa ke son a janye mata ruwa. Ya riƙa dariya har yana riƙe ciki. Ya fara gajarta zaman bedi don ya dawo gida da wuri, shi kansa bai lura ba.

Saboda haka ka riƙa tuna wa kanka: ruwan na jariri ne, nonon na jariri ne, "yaya jiki" ma ta jariri ce. Matar hanya ce kawai da kayan ke bi. Ran da aka ce babu jariri, komai ya tsaya. Ka tabbata ita ma ta fahimci haka, kuma kada ka damu, ta riga ka fahimta.

5. In wata tara ya wuce, ka kwantar da cikin

Lokaci zai zo da mutane za su fara kallon cikin matarka, sannan su kalli rago, sannan su kalle ka. Kada ka firgita, kakanninmu sun bar mana mafita. Husaina ta zo ta dafa marar Zalika, ta girgiza kai.

"Ya kwanta. Cikin ya yi kwana. Wata mata can Urno shekaru tay yi da nata, da yat tashi haihuwa har da haƙora."

Kwantaccen ciki alheri ne ga irinmu, domin ba shi da wa'adi. Sai dai a riƙa tashinsa. Husaina ta riƙa kawo jiƙe-jiƙe na sassaƙe da citta da barkono, mai zafin da ko ƙamshinsa ya sa mutum gumi, ta ce a sha da safe da yamma.

Ragon kuwa ya ci gaba da rayuwarsa. Layya ta zo ta wuce, masu saye suka yi ta zarya, Arzika ya ce Auta ba na sayarwa ba ne. Ya cinye harawa, ya cinye dusa, ya fara kan dangar maƙwabta. Ƙahonsa ya nannaɗe, wuyansa ya yi kauri, halinsa ya ɓaci ƙwarai. Ya kori mai tallan gishiri har bakin masallaci. A majalisa aka daina tambayar lafiyar mai jiki, sai a ce, "Arzika, yaushe za a sa Auta lakkwal, shi koyi boko?" Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa.

6. Ka guji likita ko da me zai faru

Likita, wato asibiti, ita ce makabartar wannan shiri. In an ce ka kai matarka awo, ka ce jaki ya gaji, ko ana ban ruwa, ko ka ce kwantaccen ciki ba ya fita a na'urar nasara.

Arzika ya kiyaye wannan doka sosai, ragon ne ya karya ta. Wata hantsi ya sunkuya zai kwance igiya, Auta ya ja baya, ya auna, ya ɗauke shi ta ƙugu ya zubar cikin kwatarniyar dusa. Aka aza shi a amalanke, Zalika ta kama linzami, sai likita.

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce ƙashi bai karye ba, ya ba shi magani. Suna fitowa, Arzika yana ɗingishi, sai ga ungozomar likitar, Madam Aziza, ta washe baki.

"A'a, Iya! Yaya zahin? Ya ragu? Kina samun kwana yanzu?"

Arzika ya tsaya da ƙafa ɗaya. Wannan ba gaisuwar baƙi ba ce. Zalika ta sunkuyar da kai, ta ce, "Madam, hwaɗa mai. Ni na kasa."

In ka kai nan, ka toshe kunnuwanka. Arzika hannunsa ɗaya na kan ƙugu, ɗaya na riƙe da magani, don haka ya ji komai.

"Malam, ba ciki na ba, kwantacce ko tsayayye. Tun bara Iya taz zo munka duba. Al'ada ta taɗ ɗauke, lokacinta na ya kai. Akwai wani sinadari jikin mace, estrojen muke ce mai. Shi ka riƙe al'ada, shi ka ba ƙashi ƙarhi. In shekaru sunka ja sai shi ragu, shi na zahin ga da gumi da rashin kwana da mantuwa da saurin hushi. Ba iskoki na ba, ba sammu, ba mugun hali. Ta sha ruwa da yawa, ta sa tuhwa marar nauyi, ta rage yaji da shayi mai kauri, ta ci ganye da nono, ta dinga tahiya. Bushewar jiki da maganinta, babu kunya ciki. In abin ya tsananta akwai wanda likita ka ba da. In kau jini ya dawo bayan ya ɗauke, ku zo maza." Ta dube shi. "Iya ta ce min rabin abin ga kai ka yi mata. Ka kyauta."

"To jiƙon Yaya hwa?" in ji Arzika da ƙaramar murya.

"Ragon nike ba shi, shi ka shanyewa," in ji Zalika.

7. A hanyar komawa, kada ka tambayi dalili

Ka yi fushi, ka yi shiru, ka tuna kuɗin dusa. Arzika ya fara da kyau. Yana kwance a amalanke yana kallon duwatsu, yana jin dariyar majalisa tun kafin a yi ta. Sai da suka kai gangaren rijiya ya yi kuskuren da ya rusa komai.

"Tun bara, Iya? Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Ba ta waiwayo ba. "Ran da nid dawo daga likita na so in hwaɗa. Sai nit tarad da ka cika randa, ka aje min mahuci bisa tabarma. Tun da anka kawo ni gidanka ba ka taɓa ce min yaya jiki ba, sai da kaz zaci akwai wani cikinai. Nic ce in na hwaɗi, ruwa shi tsaya, tahiyar lambu ta tsaya. Zahin ga kau ba shi tsayawa. Na yi maka ƙarya da shiru, ka gahwarce ni. Amma jikin da ka ke tambaya nawa na, ko babu kowa ciki."

Arzika ya nemi fushinsa ya rasa. Kunya ce ta kama shi, wadda ta fi ta majalisa nauyi, da tausayin matar da ta riƙa sauka kwarin nan ita kaɗai yana gindin bedi. Da suka isa gida ya wuce ɗakinsa ya kwanta, ita kuwa ta ɗauka shi ke nan.

8. Ka sayar da ragon a ɓoye, a kasuwa mai nisa

Haka ya kamata. Ka kai shi Madawa, ka dawo ka ce ya mutu.

Arzika da ƙugunsa ya ɗan warware, sai ya aika aka kira liman da mahauci da majalisa kaf, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida da safe, aka raba goro. Husaina ta zo a guje tana tambayar yaushe aka haihu ba a tashe ta ba. Aka kayar da Auta, da taimakon mutane da yawa. Liman ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Arzika, sadaka ta ko mi? Ina jinjiri?"

"Babu jinjiri, Malam, kuma ba a yi. Ku yi dariyarku, ni nij jawo ta." Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida. "Amma don suna nis sai ragon ga, kuma sai na hwaɗi suna. Sunanta Zalika."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. A tsakar gida Zalika ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mafici, mata suna ta guɗa a kanta. Ita aka gasa wa hantar, kamar yadda ake yi wa mai jego.

Ni dai na wanke hannuna. Arzika ya bar shawarata tun a mataki na shida, duk wanda ya saurari ungozoma ko ya tambayi matarsa dalili, shi ya jawo wa kansa. Ba ruwana da dusa, ba ruwana da ƙugu, kada kuma a kawo mini ƙarar cewa an rasa dattijo a majalisa. Mai neman Arzika ya sauka rijiya da safe, zai same shi a layi bayan mata, yana ɗingishi da jarkokinsa, babu jariri, babu rago, randar Zalika ce kawai ke jiransa.