Tulun Sidiki Ya Samu Aikin Gwamnati

Yau da safe ni da gemuna, tela mai 'ya'ya har da jika, na faɗo daga kan keke da garwa biyu na ruwa a gaban matan zango. Daga dam nake. Garwa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta bi kwata, ni kuma na zauna daram a cikin taɓon da na kwaɓa da kaina. Lamisi mai koko, maƙwabciyarmu, ta ajiye ludayi ta zo ta tsaya a kaina.

"Sannu, maigida," in ji ta. "Ruwan dai ya iso zango. Saura ka kai wandon gida Mariyatu ta matse."

Kada masu karatu su ɗauka sha'awa ce ta kai ni ɗibar ruwa. Mariyatu, uwar 'ya'yana, gwiwarta ta kumbura tun farkon rani, kuma mai magani ya ce in ta ci gaba da jigilar garwa daga dam, da sanda za ta ƙare. Da can ba ta zuwa. Muna da tankin ƙarfe a bayan masallaci, wanda motar ruwa ke cikawa ranar da ta ga dama. Sai tankin ya tsage a gindi, direba ya ce shi ba zai ba ƙasa ruwan gwamnati ta sha ba. Sidiki mai walda ya duba tsagar ya ce aikin bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Iska ce kawai ba shi da ita.

Ga wanda bai sani ba, wutar walda ba ta ci sai da wata iska da ake ɗurawa a dogon tulun ƙarfe. Mu nan Tamale Allah ya hore mana iska har tana kwashe mana rufin ɗaki, amma ba irinta ba ce. Ta walda sai an ɗuro ta a bakin teku, ta kwana Kumasi, ta jira jirgin fito a Yeji, sannan ta iso mana a gajiye. Kamfanin da ke wannan sana'a ina jinjina masa, domin tun da nake ban taɓa ganin wanda ya sayar wa talaka iska ya kuma sa shi godiya ba sai su. Dokarsu ɗaya ce: kawo tulun da ya ƙare, ka karɓi cikakke.

To, tulun Sidiki ya ƙare. Ya gangara da shi bakin titi, ya jingina a gindin wata bishiyar maina yana jiran mai amalanke ya kai shi wurin wakilin kamfani, ya je salla. Mainar nan kuwa a gaban wani ofishi take, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son ci gaba da ɗinki. Wani masinja da zaman banza ya isa ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa tulun. Ƙarar ta shiga ta taga ta sami babban Baturen ofishin, wanda a wannan fili za mu kira Maigirma Uban Agogo. An ce ya rufe ido ya ce ta tuna masa da garinsu. Kafin Sidiki ya sallame an rataye tulun a reshe da igiya, an naɗa masinjan mai bugawa, an ce daga yau mutanen Arewa za su koyi kiyaye lokaci.

Ni na raka Sidiki neman kayansa, tunda gwiwar gidana ce a ciki. Babban akawu, mutumin Kurmi mai farin gajeren wando, ya saurare mu da ladabi, wannan kam ba zan ɓoye ba.

"Tulun naka ne?" ya tambayi Sidiki.

"A hannuna yake, ranka ya daɗe."

"Ban ce hannu ba. Naka ne?"

"Na kamfani ne. Iskar ciki nake saya."

"To iskar ciki mun taɓa maka?"

"Ta ƙare."

"Ka ga ke nan ba ka yi asarar komai ba ko kaɗan. In kamfani yana son kayansa, kamfani ya zo."

Muka taka har shagon wakilin kamfani, wani Abdulwahabu, wanda muke sahu ɗaya da shi ran Juma'a. Bayan shagonsa tuluna cikakku na tsaye reras. Na ce masa ya je ya karɓo kayan kamfaninsa. Ya dube ni kamar na ce ya je ya ja gemun limami.

"Malam tela, gwamnati ce babbar mai sayenmu. In je in ce ta sauke ƙararrawarta? Ai mu alfahari muke yi, tulunmu ya samu aikin gwamnati."

"To ba Sidiki cikakke ɗaya, in ya so ya kawo maka fanko daga baya."

"Doka ba ta san daga baya ba. Fanko a hannun dama, cikakke a hannun hagu."

"Gwiwar Mariyatu fa, Abdulwahabu? Kai ma ka ci tuwonta."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji shi, kuma na ga alamar har zuciyarsa yake nufi.

Mun gwada fansa. Sidiki ya kai wa akawu tsohon ƙarfen ƙafar mota, irin wanda duk makarantun allo da na boko ke bugawa ba su mutu ba. Aka buga wa Maigirma ya ji, ya ce muryarsa ba ta da daraja. Haka muka zauna. Ƙararrawa na bugawa safe da rana, muryarta har dam, mata na tafe da garwa a ka suna sanin ƙarfe nawa ne daidai. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Iyayenmu sun yi ƙishirwa ba su san lokacinta ba.

Sai ranar Talatar da ta wuce Allah ya kawo abin da muka zaci mafita ce. Igiya ta tsinke, tulun ya faɗo kusa da motar Maigirma. Nan take aka ce ƙararrawar gwamnati ba za ta sake dogara da reshe ba, a yi mata maratayi na ƙarfe. Mai waldar gwamnati ya tafi hutu Kurmi, saboda haka aka aiko a kira Sidiki. Sidiki ya ce ba iska. Jama'a, kafin in gama kafa hannun riga ɗaya, ga Abdulwahabu da kansa yana tura cikakken tulu a amalanke, yana gumi, ba wanda ya tambayi fanko. Ashe dokar ta san daga baya, mutum take dubawa.

Sidiki ya yi maratayi mai kyau, na gani da idona. Iskar da ya ci ba ta taka kara ta karya ba, tulun na nan da nauyinsa. Na aika gida a gaya wa Mariyatu ta jiƙa wanki, yau tanki zai sha wuta. Na sa babbar rigata na je na durƙusa gaban akawu, na roƙi aron ragowar na yini ɗaya. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito ya ce iskar gwamnati ba ta aikin unguwa, in aka fara haka gobe kowa zai zo da butarsa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga saƙo daga ofishin da ke tsallaken titi. Nasu Baturen, Maigirma Mai Lofe, ashe ya daɗe yana jin haushin a ce ma'aikatansa na tashi da ƙararrawar wani. Shi ma yana son tasa. Aka ƙwanƙwasa sabon tulun, aka ji muryarsa a toshe, domin cikakken tulu ba ya amo. Manya suka yi shawara a inuwa, suka samo dabara. Aka umarci Sidiki ya buɗe bakin tulun.

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya sa hannu ya murɗa. Iskar da ta kwana Kumasi ta haye Yeji ta yi ta huci tana fita a gindin maina, tana kaɗa busassun ganye, mu kuwa muna tsaye. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ban ji kunyarsa ba. Da ta ƙare aka buga, amo ya fito tangaran, Maigirma biyu suka yi musabaha.

Da na koma gida na tarar Mariyatu zaune a kan turmi, ƙafa a miƙe, wanki jiƙe a gabanta cikin ruwan da ya rage mana. Ta ɗago ta dubi fuskata. Sai ta ce in miƙo mata gammo. Na ce ta bar shi, ni zan je. Asalin faɗuwar yau ke nan.

Yanzu Tamale na da ƙararrawa biyu, kuma ba sa bugawa tare, kowane Maigirma da agogonsa. Sidiki na da fanko biyu a aikin gwamnati, shi yana zaune yana gyaran fitilun kwano. Ni dai ba zan yi butulci ba. Ranar nan da iskar ke fita na matsa kusa na buɗe hanci na shaƙi rabona, har na ƙara. Tun da Bature ya zo ƙasar nan, shi ne abu na farko da gwamnati ta raba mana kyauta, kuma na yi ƙoƙarin riƙe numfashi in kai wa Mariyatu nata, amma hanyar zango da nisa.