Romon Maƙwabciya

Da takardar shaidar jinya na zo birnin Guangzhou na China, shi ya sa nake tafiya kamar likita. Aikina kula da Alhaji Sani a unguwar Sanyuanli, dattijon da ƙafarsa ta kumbura bayan tiyata. Rannan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar China, ta miƙo tukunyar baƙin ruwa mai warin saiwa, tana nuna ƙafarsa. Na gyaɗa kai irin na masana, na juye a roba, na tsoma ƙafar.

Ashe tataccen romon kaza ne, awa huɗu tana dafa masa, kazar ma daga shagon halal. Da ta leƙo, ta yi dariya har hawaye, ta koma ta sake dafawa.

Har yau in na kawo miya, Alhaji kan ce, "Likita, in sha, ko in cire safa?"