Gumbar Hure

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe kina nan? Na ɗauka tabarmin makoki zan tarar."

"Kai zan fara binnewa, mijin da bai taɓa kawo cefane ba," in ji Hure.

Muntaka ya jingine babur a jikin rumbun da ba komai a ciki. Aikin buga bulo ya bari ya je Dawakin Tofa karɓo sakamakon awon jinin kakarsa, wadda zazzaɓi ya ƙi saki. Daminar nan tsofaffin ƙauyen tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Gero ya wuce tsayin mutum, ya kewaye gidan, ko kukan zakara babu. A kan danga an shanya farin yadi. Kusa da turmi kuma ga ƙwarya cike da gumba, irin wadda ake rabawa a sadakar mamaci.

"Gumbar wa ce wannan?"

"Tawa. Na san halinku, jikokin yanzu. In na bar muku, tsaki za ku dama wa mutane ku kunyata ni."

"Ɗan geron da ya rage mana kika daka?"

"Larai ta sake kirana jiya da azahar. Daga cikin gonar can. Ta ce, Hure, taho."

Larai ƙawar Hure ce, Muntaka da hannunsa ya taya haƙa kabarinta. Kuma ɗazu, da zai wuce gidanta da ke kulle, ya ji kamar ana daka a ciki.

"Sai ki gaya mata mijinki bai ba ki izinin fita ba. Ga zancen jininki. Sun auna wani abu wai shi CRP. Na mai lafiya ba ya wuce biyar, in an sassauta a ce goma. Naki sittin da biyu."

"Ka gani! Ko a jini na fi ku yawa."

"Ba gasar kokawa ba ce. Hanta ce ke zubo shi in wani wuri a jiki ya kumbura ko ya ruɓe. Amma ba ya faɗin wurin. Likita ya ce a nemo, in aka bari abin ya shiga jini, shi ke nan."

"Ba abin da ya ruɓe a gidan nan sai bakinka."

"Nawa da haƙora a ciki. Naki fa, ramin gafiya."

"Da shi na tauna maka gyaɗa kana tsumman goyo, mara kunya."

Ƙudaje Muntaka yake kallo, sun taru a bakin zanenta, ta kora su dawo. Ya tsuguna ya ɗaga gefen zanen. Ƙafar na naɗe da tsumma, an shafe ta da toka da man shanu, ta kumbura ta yi baƙi har idon sawu. Zafinta kamar bulon da ya yini a rana.

"Kututturen dawa ne, tun noman farko," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Kika zauna gaban likita kika rufe wannan?"

"In kwaye wa ƙaton banza ƙafa? Da aurena?"

Ya miƙe, ya fizgo farin yadin daga kan danga, ya ninke ya cusa cikin riga.

"Ajiye min likkafanina, ɓarawo!"

"Ba ki ganinsa sai jininki ya dawo biyar. In kin matsu, ki tafi a zanen atamfa, Larai ta yi miki dariya."

Sai ga shi daga bayan geron: dum. Dum. Taɓarya a turmi, a hankali, daga wajen gidan Larai. Iska ba ta kaɗawa, amma karan gero ya motsa.

"Ka ji ko?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ji. Hau, asibiti za mu."

Ya sunkuce ta ya ɗora a kan babur. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta daɗe tana kallon gonar, sannan ta kece da dariya, ta nuna ƙwaryar.

"Ɗauko, makwaɗaici. Ci tun ina gani, kar ka ce na mutu da hakkinka."

Ya cika baki da gumba ya tada babur. Hure ta riƙe rigarsa, ta waiwaya wajen geron ta ɗaga murya.

"Larai, ki yi haƙuri! Maigidan ya hana."